Hannun mai ita ko filin dillalai: ina za ka sayi Corollar nan?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya yi tambaya jiya da dare. Ya ga Corolla 2010 guda biyu: ɗaya a hannun wani ma'aikaci da ya tallata ta a Facebook, ya ce shekara huɗu yana hawanta, ɗaya kuma a filin dillalai da ke bakin titi. Ta ma'aikacin ta fi sauƙi da kusan N700,000. Yana so ya san wacce ce ba za ta bar shi da cizon yatsa ba. Na sayi mota ta hanyoyin nan biyu, Malam mai tambaya, don haka bari in jera maka su gefe da gefe kamar yadda na gan su.

A hannun mai ita, abin tsoro takarda ce. A filin dillalai, abin tsoro jikin motar ne. Matsalar jiki kuɗi ke kashe ta, ko da za ka yi ta ƙorafi. Matsalar takarda kuwa motar take cinyewa ɗungurungum, wani lokacin har da kwanan caji ofis.

Zancen farashi ba shi da tsawo. Mai fili yana biyan hayar wuri, yana sallamar yaransa, ya wanke mota, ya taɓa fenti, sannan ya ɗora ribarsa, ga la'adar wanda ya kai ka. Mai mota ba shi da wannan nauyin, kuma sau da yawa buƙata ce ta taso masa: kuɗin makaranta, ginin da ya tsaya a linta, ko kujerar Hajji. Saboda haka sauƙin da ka gani bai isa ya sa ka zarge shi ba. Wanda zai sa ka ja da baya shi ne sauƙin da ya wuce hankali, musamman idan aka haɗa maka da "akwai wani yana hanya da kuɗinsa, turo kafin alƙalami in riƙe maka". Kada ka tura ko sisi kan motar da ba ka taɓa da hannunka ba. Masu tallan "gwanjon kwastam" a Facebook da wannan ƙugiyar suke kamun mutane.

Kafin komai, ka tabbatar mai motar shi ne mai motar. Da yawa daga masu rubuta "ni ne mai ita" dillalai ne da ba su da fili. Wannan shi ne ciniki mafi muni a cikin ukun, domin ka rasa tarihin da mai mota zai ba ka, ka kuma rasa ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a wajen mai fili. Gane shi ba wuya. Tambaye shi wane baƙin mai yake zubawa, wane gareji yake kai ta, yaushe ya canza batir. Wanda ya hau mota shekara huɗu ba ya inda-inda a kan waɗannan. Sannan ka ce a gidansa ko wajen aikinsa za ka zo ganinta, da rana, kai da wani. Idan ya nace sai gidan mai ko bakin wata kasuwa, to ka sha jinin jikinka.

Yanzu takardu, inda nake so ka fi daɗewa.

Suna uku ne dole su zama ɗaya: na kan takardar shaidar mallaka da lasin mota, na kan katin shaidarsa na ƙasa, da na asusun bankin da za ka tura wa kuɗi. Da zarar ɗaya ya bambanta, sai a yi bayani a rubuce. "Ta yayana ce, ya yi tafiya" ba bayani ba ne, a kira yayan ya zo ko ya aiko da wakilci. "Ta marigayi mahaifinmu ce" kuwa sai ka ƙara nutsuwa, domin motar gado ba ta mutum ɗaya ba ce. Idan ba a raba gadon ba, ko sauran magada ba su sa hannu ba, wata rana sammacin kotu zai same ka a ƙofar gida. Haka motar da aka saya da bashin banki ko na ƙungiyar ma'aikata ba a gama biya ba, da wadda aka bayar jingina. Tun da mutumin naka ma'aikaci ne, tambaye shi wannan kai tsaye, ba rashin kunya ba ne.

Sai lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, babu I, babu O, babu Q a cikinsu. Duba ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, duba ta a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka gwada da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. In ka ga alamar an kankare, an yi walda, ko an sake manna farantin, ka yi sallama ka tafi. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma shi ke faɗin shekara: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Wannan yana da amfani domin akan ɗauki Corolla 2009 a sa mata bamba da fitilun 2012 a sayar da kuɗin 2012. Irin wannan kwalliyar a fili aka fi yin ta.

Lambar mota kuma kana iya shigar da ita a shafin tantance lambar mota na NVIS, na hukumar kiyaye haɗurra FRSC, ka ga ko irin motar da aka yi wa rajista ita ce a gabanka. Inshora ana duba ta a NIID, rumbun bayanan kamfanonin inshora da ke intanet. Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin inshorar motar gida N15,000 ne, don haka wadda aka yanka kwanan nan a kan N5,000 ka san ta bogi ce. 'Yan sanda suna da rajistar motoci ta CMR, ka bi ta can ka ji ko an taɓa kai rahoton sata. Motar sata ba ta zama taka don ka biya kuɗi. Ranar da mai ita ya gan ta za a karɓe, kai kuma a tambaye ka wanda ya sayar maka.

Takardar kwastam ita ce ake yawan rainawa a motar da ta riga ta yi lamba. Mutane suna ɗauka tun da tana yawo shekara da shekaru, ai magana ta wuce. Ba ta wuce ba. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma motocin Kwatano ba su daina biyowa ta Nijar suna shigowa ta daji ba, wasu da dutin da bai cika ba, wasu da takardar wata motar daban. Ka karɓi takardar SGD, wato takardar bayanin shigo da kaya ta kwastam, da rasidin biyan duti, ka tabbatar lambar shasin da ke ciki ta motar ce, ka kai lambar rajistar takardar mai farawa da harafin C ofishin kwastam su duba maka. A nan mai fili na gari ya fi mai mota, domin sana'arsa ce, ya san takardar gaske da ido. Ma'aikacin naka yana iya riƙe da ta bogi shekara huɗu bai sani ba, saboda a cikin gari kawai yake yawo, bai taɓa haɗuwa da shingen kwastam a babbar hanya ba. Ba ha'inci ya yi maka ba, amma kai za a tsayar a hanya.

A wajen jiki da inji kuwa, mai mota ne a gaba. Motarsa tana nan yadda take, da ƙurarta da ɗigon manta a inda yake ajiye ta. Leƙa ƙasan wurin da take kwana, zai gaya maka abin da shi bai faɗa ba. Ta fili an wanke injinta fes, an goge matsalolin da kwamfutar motar ta adana, wani lokacin an zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara. Ni kaina na taɓa sayen wata a fili, tana sheƙi kamar amarya. Bayan wata biyu wani ɗan acaba ya goge ni kaɗan, sai ga fila, ƙullun da ake cike lotsewa da shi kafin fenti, tana ɓarewa kamar busasshiyar laka a ƙofar baya. Ashe gefen nan gaba ɗaya bugu ne. Tun daga ranar ba na zuwa ganin mota ba tare da ɗan maganaɗisu a aljihu ba: inda aka cika fila ba ya kamawa sosai.

Ko ina za ka saya, je da bakanikenka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, kuma ku je da sassafe kafin a tayar da ita. Taɓa bonet, in da ɗumi an riga ku. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji, ta ABS (na'urar birki) da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an rufe. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi inji na shan mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ko wani abu kamar madara a murfin baƙin mai, alamar gasket ɗin kan inji ya lalace ne. A jona na'urar kwamfuta, a shiga rami a duba ko an cire abin tace hayaƙin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi, domin yana da tsada kuma rashinsa ba ya nunawa daga waje. Ɗaga kafet da wajen safaya taya ka shinshina. Tun ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 na ƙara kula da wannan, ga kuma motocin da ruwa ya ci a Amurka ake kawo mana. Laka a lungu, tsatsa a ƙarƙashin kujera, warin ruma, duk labari ɗaya suke bayarwa, kuma lantarkin motar da ta sha ruwa ba ya daina ba da wahala. Sannan ka tuƙa ta da kanka, aƙalla minti 30, da AC a kunne, a hanya mai gargada da kuma inda za ka taka ta ka ji yadda giya ke shiga. Mai mota yakan yarda da wannan. A fili sau da yawa zagaye ɗaya za a ba ka, da man da bai kai lita biyu ba.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar da ta haura shekara goma ba za ta rasa abin gyara ba, don haka kada ka kashe duk abin hannunka a kan sayen. Abin da bakanike ya lissafa, da shi za ka yi tayi.

Bayan an sallama, nan mai fili yake da rinjayen da ba a musu. Gobe yana nan, jibi yana nan, yana da shugabannin ƙungiya da za a kai ƙararsa, kuma yana tsoron sunansa ya ɓaci. Ba wai zai dawo maka da kuɗi cikin sauƙi ba, amma akwai inda za a zauna. Mai mota kuwa yana iya canza layi ko a yi masa canjin wajen aiki. Maganin wannan shi ne ka gina wa kanka ƙofar tun kafin ka biya: ka san gidansa, ka san ofishinsa, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi, lambar inji, farashi da kwanan wata, shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, a haɗa da hoton katinsa. Ayar bashi a Suratul Baƙara ma ta ce a kafa shaida idan an yi ciniki, don haka kada kunya ta hana ka ko da abokin ɗan'uwanka ne. Kuɗi ta banki, zuwa asusun sunansa, a rubuta abin da aka biya dominsa. Makullai biyu da takardun asali a hannunka kafin ku rabu.

Da ni ne kai, ta ma'aikacin zan fara bi, bisa sharaɗi: sunaye ukun nan su dace, kwastam su tabbatar da duti, ya kuma yarda ya raka ni a yi takardar rantsuwa a kotu da canjin mallaka a ofishin lasin a cikin makon. Ya cika waɗannan, N700,000 ɗin ta zama ta tayoyi da gyara. Ya fara kewaye-kewaye a kan ko da guda ɗaya, sai in koma fili da bakanikena da maganaɗisuna, in biya ƙarin. Idan ka je ganinta ranar Asabar, ɗauko hoton lambar shasin da takardar kwastam ɗin ka turo min, mu duba tare kafin ka yi tayi.