Allon tangaran ko na sitika? Ga wanda zan ce ka ɗauka

Ɗan'uwa mai tambaya tsakanin allon ƙarfe mai rufin tangaran da mai sitika don ƙofar shago, ni dai na tangaran zan ce ka yi, sai fa idan hayar shekara ɗaya ko biyu za ka yi a wurin ka tashi.

A da akwai irinsa a shagon mahaifinmu a nan Jos, ta wajen Terminus, shuɗi da farin rubutu. Ina ƙarami, duk Asabar aikina ne in hau benci da tsumma da ruwan sabulu in goge masa ƙurar hunturu, kuma da na shafa sai ya fito fes kamar jiya aka kafa shi. Ka san ruwan Jos, wani lokaci har da ƙanƙara, ga hazo, ga rana. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, shagon ya koma hannun wasu, amma allon yana gidana, launinsa ko dushewa bai yi ba. Tabo ɗaya gare shi a kusurwa, inda wani mai tura kura ya buge shi da rodi.

Abin da ke jikinsa gilashi ne. Irin rufin da ke jikin samira da fanteka na jeren iyayenmu mata, shi ne dai. Ana niƙa gilashi ya zama gari, a dama shi da ruwa, a fesa a kan farantin ƙarfe da aka kankare shi tas, babu tsatsa babu maiƙo. Sai a sa a tanderu mai zafin da ya kai digiri 750 zuwa 850 na 'yan mintuna, garin ya narke ya kama ƙarfen. Shafin farko baƙi-baƙi ne ko shuɗi mai duhu, saboda sinadarin kobalt da ake sa masa don ya riƙe ƙarfen da kyau. A kansa ake ɗora farin, a sake gasawa, sannan launukan rubutu su biyo, galibi kowane launi da nasa gashin. Shi ya sa in ka shafa tsohon allo da yatsa za ka ji haruffan sun ɗan taso.

Launin kuma daga ma'adinai yake, kobalt yana ba da shuɗi, kuromiyam yana ba da kore, kuma sun narke a cikin gilashin ne, don haka rana ba ta cinye su yadda take cinye tawada. Ruwa ma ba shi da ƙofar da zai kai ga ƙarfen. Allunan sunayen tituna masu launin shuɗi na birnin Faris da allunan tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan duk wannan aikin ne.

Na sitika na taɓa yi wa shagona saboda araha da sauri, damina biyu gefensa ya fara ɓarewa, jan rubutun ya koɗe, na sake biya. In hoton kaya kake so a jiki ko lambar waya mai canjawa, to yana da amfaninsa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu rubutun allo marasa tsoron Allah. Akwai fentin mai sheƙi da ake sayarwa a gwangwani da sunan inamel, sai mutum ya fesa shi a kan falle, ya ce maka ai shi ne, ya caje ka kuɗin na gaske. Tambaye shi inda ake gasawa, domin aikin nan ba ya yiwuwa ba tanderu. Ka ce ya ba ka samfuri, ka goga masa tsumma da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. Fenti zai yi laushi ya biyo tsumman, gilashi ko gezau. Ka juya bayansa, na gaske yakan zama a rufe da wannan shafin mai duhu, kuma yana da nauyi a hannu. Kada ka biya duka kuɗin sai ka ga kayanka.

Raunin allon tangaran ɗaya ne, bugu. In ya ɓantale kamar yadda kwano ke yi in ya faɗi, tsatsa ta nan take shiga. Don haka a huda ramukan ƙusa tun kafin a gasa, kada ka yarda a huda bayan an gama. Wajen kafawa a sa zoben roba a ƙarƙashin kowane noti, kada a ɗaure da ƙarfin tsiya, kuma a ɗaga shi sama da inda masu sauke kaya ke wucewa.