Jirgin da aikinsa tsayuwa

Tun da na dawo Katsina daga wurin ɗiyata a Amurka, 'yan majalisarmu ta Ƙofar Sauri ke tambayata dogayen benaye. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai wani tsohon jirgin ruwa ne ja, an rubuta AMBROSE da farin fenti a jikinsa, yana ɗaure a bakin kogi cikin New York, kusa da gadar Brooklyn. Gidan tarihin South Street Seaport ke kula da shi tun 1968, kuma ana shiga a zagaya.

Mutumin da ruwansa mafi girma shi ne dam ɗin Jibiya, dole ya sha mamaki. Wannan jirgi ba kaya yake ɗauka ba, ba fasinja ba. Inda ruwa ya yi zurfin da ba a iya gina hasumiya, sai a kai jirgi a kafe shi, a ɗora masa fitila a sama, matuƙa su riƙa gane hanya da ita. Daga 1908 zuwa 1932 yana tsaye a bakin mashigar da manyan jirage ke bi su shiga tashar birnin. Idan hazo ya rufe, irin wanda muke sha a hunturu har ba ka hango hasumiyar Gobarau, fitila ba ta da amfani, sai ya riƙa busa ƙaho. Ankar irin waɗannan jirage ma daban take, kamar ƙatuwar ƙwarya ta ƙarfe, don ta nutse cikin laka ta riƙe gam.

Ciki ne ya fi taɓa ni. Gadajen ma'aikatan ƙanana, a matse, wani bisa wani. Nan suke kwana makonni, igiyar ruwa na jijjiga su, kowa na wucewa su suna nan. Na tuna maigadin makarantar da na koyar shekara da shekaru.

Matakalar sauka a tsaye take cak, gwiwata kuma ta san shekarunta. "Baba, ka tattare babbar rigar nan, ka sauka da baya," in ji ɗiyata. Na ƙi ji, sai da wani ƙarfe ya kama mini hannun riga. Ƙofa kuma ta tuɓe mini hula sau biyu. Laifina ne, ba nasu ba. Wanda zai je ya sa kaftani da takalmi mai kama ƙafa.

A gefen Ambrose akwai wani jirgin mai suna Wavertree, na ƙarfe, wanda aka ƙera a Ingila a 1885, iska ke tura shi. Ya yi dakon zaren da ake saƙa buhu, irin na gyaɗarmu ta da, daga Indiya. Guguwa ta karya masa turaku a 1910, ya koma rumbun ajiya, daga baya har yashi ya ɗauka a Ajantina. Ya fi girma da kyan hoto, amma ban daɗe a kansa ba.

Ziyarar ta cancanci wahalar, musamman ga mai yara. Kuɗin shiga ɗiyata ta biya ta ƙi faɗa mini. Da na nuna wa Alhaji maƙwabcina hoton, ya juya wayar, ya ce, "Malam, shekara 24 bai je ko'ina ba, kuma aka biya direbansa albashi?"