Ɗakin shawara da aka tura ni kafin tiyata, abin da na gani

Ni dai an haife ni mata-maza, wato hunsa kamar yadda malamai ke faɗa, kuma a mace aka raine ni, islamiyya da hijabi da komai. Sai da na kai shekara 15 abin ya fito fili, al'ada ba ta zo ba, murya ta buɗe, ƙirji shiru. Yanzu ina da 23. Gwaggona ce ta matsa a je asibiti a yi aiki a wuce wajen saboda maganar aure, Umma kuma kuka kawai take yi. To likitan tiyatar da muka gani a wani babban asibiti nan Kano ya ce ba zai taɓa ni ba sai na zauna da mai ba da shawara a ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wallahi ranar haushi na ji na ɗauka mahaukaciya suka mayar da ni. Wannan ɗakin nake so in yi magana a kai don na san akwai irina da yawa suna ɓoye a gida.

Matar da ke wajen, Anti nake ce mata, zama na farko ta roƙi Gwaggo ta jira a waje. Ta rufe ƙofa ta ajiye biro ta ce ƙanwata, kowa ya faɗi abin da yake so, ke me kike so? Na buɗe baki na rasa amsa, shekara takwas ba wanda ya taɓa min wannan tambayar, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba.

Ita ta zauna ta fassara min takardun gwajina da Hausa. Gwajin ƙwayar halitta ya nuna 46,XY, wato tsarin da aka saba gani a jikin maza, hoton ciki ya nuna babu mahaifa, akwai 'ya'yan maraina a matse-matsina, kuma jikina ba ya iya juya sinadarin maza da ake kira testosteron zuwa ɗaya nau'in da ke gina siffar namiji tun a ciki, shi ya sa ungozoma ta ga mace, da balaga ta zo kuma jiki ya juya. Ba ta ɓoye min komai ba. In an cire 'ya'yan marainan a aikin an cire kenan ba a mayarwa, kuma zan dawwama kan maganin homon, wato mai maye gurbin sinadarin da suke samarwa, don kada ƙashina ya yi rauni, muryar nan ba za ta koma siririya ba, ciki kuma ba zan ɗauka ba ko an yi aikin. Gwaggo duk ba ta san wannan ba, ita a ganinta kamar cire ƙaba ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne littafin rubutu da ta ce in saya. Ta ce kullum da dare in rubuta lokacin da na ji daidai a jikina da lokacin da na ji kamar kayan aro na saka, sannan in raba tsoron bakin mutane daban, abin da zuciyata ke faɗa daban. Da wuya fa. Akwai daren da na rubuta cewa ina son zama mace, da safe na karanta na gane kunyar 'yan layinmu ce ta rubuta, wani daren kuma na rubuta akasin haka na ga fushi ne da Gwaggo. Ban taɓa jin ta tura ni wani ɓangare ba, da na ce ta zaɓa min ma ƙi ta yi. Da na kawo maganar sahun sallah da gado ta ce wannan na malamai ne, fiƙihu ya daɗe da yin bayani a kai, in samu malamin da ya san abin in tafi da takardun likita.

Inda suka gaza kuwa sirri ne. Wajen karɓar kati wata ma'aikaciya ta ɗaga murya tana tambayar wai na mata za a rubuta ko na maza, mutane cike a benci suna kallona, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga jira, ka zo ƙarfe takwas sai bayan azahar, sau biyu kuma an ɗaga min rana ba wanda ya kira ni. Gwajin ƙwayar halittar ma a waje muka yi, ya ci kuɗi sosai sai da Kawu ya taimaka.

Duk da haka zan ce wa duk mai irin lalurata ya je, kuma dan Allah iyaye ku bari yaro ya shiga shi kaɗai ko da zama ɗaya ne. Na yi zama shida yanzu, ban yanke ba tukuna, Gwaggo ta daina gaisawa da ni sosai amma Umma ta ce za ta raka ni zama na bakwai, Anti na son ganinta.