A cire haƙorin duka, ko a yanke kansa a bar saiwa?

'Yar'uwa, sannu da jiki. Kin ce turminki na ƙarshe na ƙasa, irin wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, ya maƙale cikin ƙashi, likita kuma ya ba ki zaɓi biyu: a cire shi duka, ko a yanke kansa a bar saiwar.

Amsar tana cikin hoton muƙamuƙinki. Akwai jijiyar da ta ratsa ƙashin muƙamuƙin ƙasa, ita ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi. Saiwar wani tana nesa da ita, ta wani kuwa manne take da ita.

In nesa take, a cire duka, shi ne aikin da aka saba. A tsaga dasashi, a rage ƙashi kaɗan, sau da yawa a raba haƙorin gida-gida kafin a fito da shi, a ɗinke. Kumburi yakan fi tsanani rana ta biyu zuwa ta uku, baki ya ƙi buɗuwa sosai, daga nan sai sauƙi. An gama ke nan.

In manne take, nan ne nake son ki natsu. Jan saiwar kan iya taɓa jijiyar, leɓe ya mutu: ki sha shayi ya zubo ta gefen baki ba ki sani ba. Yawanci jin yakan dawo cikin makonni ko watanni, amma akwai 'yan kaɗan da ba ya dawo musu. Shi ya sa ake yanke kan kawai, a sassaƙe saiwar ta koma kamar milimita 3 ƙasa da bakin ƙashi, a rufe. Sai dai saiwar takan taso a hankali, wani lokacin har a sake tiyata, ko da yake a lokacin galibi ta riga ta nisanci jijiyar. Kuma ba a bar wa kowa saiwa. In ruɓa ta kai cikin haƙorin, ko saiwar ta yi mugunya, ko ta girgiɗe ana cikin aikin, fitar da ita ya zama dole.

Ni dai in hoton farko ya nuna sun haɗu, zan roƙi a yi na CBCT, mai nuna wurin ta kowace fuska, kafin in sa hannu. Ki ce likita ya nuna miki jijiyar da yatsa a jikin hoton. Allah ya ba ki lafiya.