Gaskit ɗin marfin inji: wanne za ka saya in mota ta fara misin?

In motarka ta fara misin, kana tsaye a gosulon Kawo kana jin sitiyari na karkarwa, ka taka totur tana shaƙewa kafin ta ɗauka, to kar ka yi saurin yarda in an ce maka nozul ne ko famfon mai. Ka bari inji ya huce, ka zare koyil, wato abin da ke kai wuta kan fulogi, ɗaya bayan ɗaya, ka haska ramin fulogi da fitilar waya. In ka ga baƙin mai kwance a ciki, robar koyil ta jiƙe har ta kumbura, gaskit ɗin marfin saman inji ne ya gaji, wato marfin nan da ake zuba baƙin mai ta kansa. Man da ya taru shi ke cinye robar koyil, sai wuta ta riƙa tsallakewa gefe maimakon ta kai bakin fulogi, silindar ta daina ƙona fetur yadda ya kamata. In an jona na'urar gano matsalar inji za ta nuna P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshe ita ce silindar da ke misin ɗin, P0300 kuma na nufin abin ba a wuri ɗaya yake ba.

A inji mai silinda huɗu, irin Corolla 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ, ko Camry Big Daddy da Muscle masu 2AZ, ko Honda EOD, aiki ne da za ka yi a ƙofar gida da sokit mai lamba 10 da tsumma mai tsabta. Kwancewa da ɗaurawa ba wuya. Inda ake kayar da mutane wajen sayen gaskit ɗin ne.

Ni dai na kamfani nake saye, wato orijina na Toyota ko Honda, kuma shi nake ba kowa shawara. Dalilina zobban nan huɗu da ke zagaye ramukan fulogi, don su ne ke hana mai gangarawa kan fulogi, su ne kuma ke tsakiyar inji inda zafi ya fi yawa. Gaskit zai iya riƙe gefe lafiya lau, ka duba jikin inji a bushe, amma zobban sun riga sun sandare mai na naso a ciki ba ka sani ba sai ranar da mota ta fara rawa a hanyar Zariya. Robar na kamfani an yi ta ne ta jure zafin baƙin mai shekara da shekaru ba ta taurare ba, ga zafinmu na watan Maris da Afrilu ga esi a kunne ga gosulo, roba mara kyau ba ta kai labari. Sannan in ka ɗora shi a kwarin marfi zai zauna daram, ba ja ba tattarewa, ka kifa marfin ma ba zai faɗo ba, wanda yake aikin shi kaɗai ba mai riƙe masa ya san darajar wannan. A 1ZZ da 2AZ zobban a haɗe suke da gaskit ɗin, abu ɗaya ne. A Honda kuwa daban suke, a jikin marfi ake dasa su, akwai kuma robobin da ke ƙarƙashin notuna, saboda haka mai EOD ya nemi cikakken set, in aka miƙo maka dogon gaskit shi kaɗai an ba ka rabin magani, misin ɗin na nan inda yake. Na kamfanin yana da tsada, ban musa ba, amma ka tambayi kuɗin koyil ɗaya mai kyau ka kwatanta.

In ba ka samu na kamfani ba, Victor Reinz da Elring na Jamus, da Fel-Pro na Amurka, da Ishino Stone na Japan duk sunaye ne masu mutunci, in ka tabbatar na gaske ne ka ɗauka ba damuwa. Wanda aka ciro daga injin Beljiyam kuma roba ce da ta riga ta dahu a jikin wani inji, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Mai arha mara suna da ake ratayewa a ƙusa ba leda, ka wuce shi kawai.

Sai masu cewa a bar tsohon a shafe shi da gam. Wannan yana ɓata min rai ƙwarai, don na sha ganin an buɗe marfi an tarar da silikon ja ya tsattsafo ciki zare-zare, in ya gutsure ya bi mai ya sauka ƙasa sai ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta ciki, daga yoyon da bai taka kara ya karya ba sai ka koma maganar inji ya buga. Gam yana da wurinsa, ɗan ɗigo ne a mahaɗar da marfin cen ɗin taimin ya haɗu da kan silinda, shi ke nan.

To amma babbar matsalar, cewa "orijina" a baki ba ya nufin komai, don jabun ma da ledar kamfani yake zuwa, da jan rubutu da lamba da komai. Ni an taɓa sayar min da irinsa a wani shago, leda a rufe, mai shago na rantsuwa, ba a jima ba zobban suka taurare kamar busasshiyar fata, mai ya cika ramuka biyu ya kashe min koyil, tun daga nan nake duba gaskit kafin in duba fuskar mai sayarwa. Ka sa a buɗe ledar a gabanka. Ka shinshina, in yana warin ƙonanniyar taya ko kananzir ka ajiye. Ka danna farce a jiki, mai kyau zai koma yadda yake nan take, jabu sai ya bar shaida ko kuma ka ji shi da tauri kamar filastik. Ka bi gefensa da yatsa, na gaske sumul yake, na jabu yana da ɓurɓushin roba a bakin inda aka zuba shi, kaurinsa ma ba ɗaya ba ne daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ka duba takardar da ke manne a leda, rubutu ya dushe ko ya karkace, ko bakin ledar ya nuna an sake liƙe shi da wuta, duk alamu ne. Lambar gaskit ɗin marfi na Toyota da 11213 take farawa, amma kar ka tsaya nan don masu jabu ma sun iya kwafar lamba, amfaninta shi ne ka haɗa ta da lambar shasin motarka ka tabbatar na injinka ne.

Abin da ya fi duka, ka ɗauki marfin kansa ka tafi da shi Panteka ko duk inda za ka saya. Ka wanke shi, ka sa a buhu, a gwada gaskit ɗin a kwarinsa kana kallo. In ya yi tsawo ana cusa shi, ko ya gaza ana ja, kar ka saurari "Alhaji in ya ji zafi zai zauna", ba zai zauna ba. Ka kuma lura da hannu, akwai masu nuna maka mai kyau, kuna cikin ciniki a ce bari a sa maka a leda, a shiga ciki a fito da wani. Wanda ka duba shi za ka riƙe har ka biya. Ka karɓi rasit a rubuta lambar kayan a jiki, mai gaskiya ba ya gudun rubutawa. In kuma yaron gareji za ka aika, ka sani sau da yawa akwai la'adarsa a ciki, kuɗin na kamfani zai karɓa ya kawo na tsakiya, gara ka je da ƙafarka ko ka ce a kawo maka ledar a rufe. Akwai ma wanda zai ga mai a fulogi ya ce ai top gaskit ne sai an sauke kan silinda, wancan daban ne, alamunsa su ne zafin inji da shan ruwa da farin hayaƙi, in ba ka ga waɗannan ba kar ka bari a taɓa maka kan inji.

Tunda ka shiga kasuwa ka haɗa da bawul ɗin PCV, ɗan ƙaramin abu ne da ke fitar da iskar cikin inji, a Toyota a jikin marfi yake, in ya toshe iska na taruwa a cikin inji ta tura mai ta kowace kafa, sabon gaskit ma sai ya yi naso. Ka duba robobin koyil, wanda ya kumbura ko ya tsage a canza, in fulogi ya daɗe shi ma. Kafin ka kwance fulogi ka tsane man da ke ramin da tsumma a bakin sukurdireba don kar ya zube cikin silinda, kuma in lokacin hunturu ne kar ka bar inji a buɗe ƙura na shiga, ka rufe da ƙyalle. Wajen ɗaurewa ka fara daga tsakiya ka yi waje, a hankali, ƙarfin da ake so bai wuce wajen Nm 10 zuwa 12 ba, wato ƙarfin wuyan hannu ne ba na kafaɗa ba, noti mai lamba 10 ba ya jure zalunci, in ya karye a cikin kan silinda ka jawo wani aikin.

Masu V6, irin Camry ko Sienna ko Highlander masu 1MZ, gaskit biyu za ku saya da zobba shida, kuma na baya sai an cire manifol na sama, wato bututun da iska ke bi ta shiga inji, kafin a kai gare shi, don haka ku haɗa da gaskit ɗin manifol ɗin tun a shago, ku canza fulogi ukun baya a lokaci guda tunda wurin a buɗe yake.