But ɗin motar mutanen Manitoba

Yaya, ina gaisuwa, a gaida su Inna da yara. Ka ce in ba ka labarin sanyin Kanada. Labarin but ɗin mota zan ba ka.

A watan Janairu muna dawowa Winnipeg daga Brandon, duk a nan lardin Manitoba, a motar wani dattijo abokin aikina, sai iska ta taso da dusar ƙanƙara har ba ka ganin gaban motar. 'Yan sanda suka rufe hanyar Trans-Canada, mu kuwa tuni tayoyinmu sun kafe a gefen titi. Ina ta salati, shi ko a jikinsa. Ya buɗe but: barguna, shebur, buhun yashi, wayar tada batir, tocila, gyaɗa, da kyandir da ashana cikin gwangwani. Bakin salansa ya fara haƙewa, don in ƙanƙara ta toshe shi, hayaƙin cikin mota yake komawa ya kashe mutum yana gyangyaɗi. Minti 10 kacal yake kunna inji a kowace awa, gilashi a ɗan sauke. Kyandir ɗin nan da na raina, a kansa muka riƙa gasa yatsu har asuba. Ba tsoro ne ya yi wa mutanen nan yawa ba; a Disambar 2022 irin wannan iska ta kashe mutum sama da 40 a yankin Buffalo ta Amurka, wasunsu a cikin mota aka tsince su.

Amma kada ka zaci aljanna ce. Komai da kuɗinsa: tayar sanyi daban, kuɗin ƙungiyar janwe duk shekara, kuma ranar da kowa ya maƙale sai ka wuni kana jiransu. Babu mai faci a gindin bishiya, babu mai shayi, babu samarin ƙauye da za su fito su tura ka. Daren nan wallahi shayin tashar Unguwa Uku na yi ta tunawa.

Mu kuwa samun masu turin ne ya lalata mu. Direba zai ɗebi mutane daga Kano zuwa Maiduguri da damina, safayarsa ba iska, jak na aro, tukunyar kashe gobara babu komai a ciki, don jami'an hanya kawai aka ajiye ta. Ka yi magana ya ce Allah ne mai tsarewa. To wa ya musa? Ka duba safayar motarka kafin tafiyar Azare, ka sa jarkar ruwa da tocila, ka kuma daina barin tanki ya sauka ƙasa da rabi.