Yadda na ga aikin ƙungiyar da ta maido mana da ƙanena daga Agadez

Ƙanena ya bar ƙauyenmu na kusa da Maigatari bayan an kai gero rumbu, da niyyar yin aikin gini a Aljeriya har ya tara kuɗin tsallakawa Turai neman mafaka. A Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya aka kama shi, aka zube shi tare da sauran waɗanda aka kama a wurin nan na kan iyaka da ake sauke baƙin haure, inda sai mutum ya taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin ya isa Assamaka a Nijar. Daga can ne wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi zuwa Agadez, kuma aikinta nake son yi wa masu 'yan'uwa a hanya bayani.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyar da ma'aikatanta suka gaya masa. Sun zaunar da shi suka fahimtar da shi cewa yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 tana kare wanda ake tsanantawa ne saboda addini, ƙabila ko ra'ayin siyasa, ba wanda talauci ya koro ba, kuma tun da Italiya ta ƙulla yarjejeniya da Libiya a 2017, da yawa daga waɗanda ake tarewa a teku gidajen tsare mutane na Libiya ake mayar da su. Dillalin da ya karɓi kuɗin shanunmu biyu bai taɓa faɗa masa ko ɗaya ba. Sun kuma yi masa maganin ƙafarsa da ta tsattsage, sun ba shi waya ya kira Inna, wadda ta yi wata biyu ba ta barcin kirki.

Inda suka gaza shi ne bayan dawowa. Jarin da aka ce za a ba shi ya ɗauki watanni, kuma duk lokacin da aka neme shi sai ya biya kuɗin mota zuwa Kano, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne ga wanda ya dawo hannu rabbana. Babu kuma wanda ya sake tambayar halin da zuciyarsa ke ciki, alhali har yau yakan firgita cikin dare.

Duk da haka, wanda ɗan'uwansa ya maƙale a Agadez ko Arlit, ina ba shi shawara ya sa shi ya yi rajista da masu wannan aiki, kuma ya adana duk takardar da aka ba shi, domin da ita ake neman jarin.